Kwanon Sarki

Ranar Asabar na kai Baba Jatau gidan tarihi,
bayan ruwan ƙanƙara ya ɗauke, Jos ta yi luf.
Sandarsa na ƙwanƙwasa matakala,
ni ina riƙe da tikiti biyu da rigar sanyinsa.

Kachollom, mai zagayawa da baƙi,
ta tsayar da mu gaban wani kan yumɓu na Nok,
ido a huje, baki a buɗe,
kamar wanda aka katse yana tsakiyar magana.
Ta ce, "Ya ba shekara dubu biyu baya."
Baba ya ce, "Ga shi ko furfura bai yi ba."

Muka ratsa ta wajen tukwane,
randa, tulu, kasko,
da wata da har yau baƙin hayaƙi bai bar gindinta ba.
Ko wa ya kankare ƙanzonta na ƙarshe?
Allon bai faɗa ba.

Sai ɗakin kuza.
Nan sandar ta yi shiru.
Diga, shebur mai karyayyar ƙota,
da kwanon sarki guda, gefensa a lotse,
an maƙala masa lamba
kamar majinyaci a gadon asibiti.

Baba ya cire hula.
Ya kamo hannuna ya ɗora a tsakar kansa,
inda gashi ya ƙi tsirowa tun yana ɗan sha huɗu.
"Shafa nan," ya ce,
"ga ragowar da ba su sa a gilashi ba."

Ya shiga kiran sunaye a hankali:
Ɗanlami na Bukuru,
Gyang mai waƙa in rana ta take,
Mato Dogo da rami ya rufta da shi ranar biya,
sule biyu da sisi suna jiransa a tebur.
Kachollom ta lalubo biro a gashinta.
"Baba, maimaita mini na biyun."
Ya maimaita. Ta rubuta a tafin hannu,
ba ta ce mana komai ba.

A waje tsohon kan jirgin ƙasa na shan hantsi,
ciyawa ta tsiro tsakanin ƙafafunsa,
'yan makaranta na ta ɗaukar hoto.
Na sayo masara gasasshiya,
na manta haƙoransa huɗu suka rage.
Ya riƙe ta yana ɗumama yatsu.

Sai da muka shiga Keke ya yi dariya.
"Wai an rubuta kada a taɓa.
Shekara tara ina ɗauke da shi a kaina,
ba wanda ya hana ni."