Neman Wa Zuwaira Kujera

Kayanmu ba su gama fita daga buhu ba,
tukunya na cikin bokiti, bokiti na cikin baho,
na ɗauki 'yata da wasiƙar Malama Kubura
muka tari adaidaita daga Naibawa.

A Azare kowa ya san Zuwaira.
Ita ta gyara wa mai shago lissafin bashi
tana tsaye da ƙullin gishiri a hannu.
Ita ke karance jaridar da aka naɗo ƙosai
tun ƙosan bai huce ba.
Kano kuwa yara gare ta kamar yashin Challawa,
wa zai durƙusa ya tsinci ƙwaya ɗaya?

Ta farko a Nasarawa take,
ƙofa irin ta banki, mai gadi da takalmi mai sheƙi.
Aka miƙo mini takardar kuɗi, na karanta sau biyu.
Zuwaira ta leƙo ta raɗa mini,
"Umma, albashinki ne na wata bakwai da kwana tara."
Na ce ta yi shiru.
Ba ta yi kuskure ba.

A Gyaɗi-Gyaɗi hedimasta bai buɗe wasiƙar ba,
kofin shayinsa ya ɗora a kai.
"Shekara tara? Aji huɗu ke nan.
Hajiya, kowace uwa gani take tauraruwa ta haifa."
Na zare takardata da zoben shayi a jikinta.

Na Kabuga kuma son da suka yi mata ya yi yawa.
Suka jera mata tambayoyi, suna tafi, suna kiran juna.
Za a sa hotonta a allon bakin titi,
za ta ciwo musu kofi, za a rage mini rabi.
Na san wannan kallon, shi ake yi wa saniyar tatsa.
Ta riƙe bakin mayafina,
abin da ta bari tun tana 'yar shekara huɗu.

Da dare ina asibiti, ina sauya wa marasa lafiya ruwa,
ɗigo, ɗigo, ina ƙirga abin da ba kuɗi ba.
Ƙanena Sagiru haka yake da.
Ya zauna a bayan aji yana jiran saura su iso,
har jira ya zame masa hali.
Yanzu ba ya tambayar kowa komai.

Iya Tabawa mai shara ce ta ji ina waya,
ta jingine tsintsiya ta ce,
"Je ki Hausawa, bayan masu walda, ki ce Malam Ilu."

Ɗakuna shida, rufin kwano, famfon da ya manta ruwa.
Ga shi da alli a gemu, ya karanta wasiƙar har ƙasa.
Bai tambaye ta abin da ta sani ba.
Cewa ya yi, "Me ya taɓa gagarar ki?"
Ta dube ni. Ni ma ban sani ba.
Ya zana wani abu a allo, layi uku da da'ira,
ya ba ta alli, ya tafi alwala.

Ta rubuta, ta goge.
Ta rubuta, ta goge da gefen hijabi.
Masu walda na ta tartsatsi a waje,
aka yi la'asar, aka idar.
Ya dawo ya duba ya ce, "A'a. Amma kin kusa.
Gobe ki zo da sassafe."

A cunkoson titin gidan zu
ta ja hannuna, fuskarta fal haske,
"Umma, na faɗi fa! Kin ga na faɗi!"
Yatsanta na zana da'ira a gwiwarta.
Sai a lokacin na tuna ban tambayi kuɗin ba.
Mai adaidaita ya waiwayo ya ce, "Ina muka nufa?"
Ashe mun wuce kwanar gidanmu,
ni da ita ba wanda ya gane ta tukuna.