Siminti Cikin Gwangwani

Ina ɗan shekara sha tara
na sayar da keken da Kawu Tasi'u ya bar min,
har da famfonsa.
Inna ta ce, "Sagiru, ka sayar da ƙafafunka
don ka sayi me?"
Na ce, siminti buhu ɗaya da bututun ƙarfe.
Ta yi shiru, irin shirun da ya fi zagi zafi.

A Ƙofar Ruwa na tsinci gwangwanayen fenti,
na kwaɓa, na ɗura, na soka bututu a tsakiya,
kwana uku ina ba su ruwa kamar shuka.
Ran da na fara ɗagawa
ashe gefe ɗaya ya rinjayi ɗaya.
Na tafi a karkace, na faɗa kan randar Inna.
Randa ta fashe.
Yara a kan katanga suka sheƙe da dariya.

Tsinke suke kirana a unguwa.
In hadari ya taso, su ce in riƙe turken wuta.
Shi ya sa ana sallame Asuba
nake bin hanyar Goron Dutse da gudu,
ƙirjina na hura kamar zugazugin maƙeri.
Daga sama Kano ba ta da ban tsoro,
rufin kwano ne, da hayaƙin masu ƙosai,
da mutane ƙanana kamar ni.

Na kama garejin Alhaji Maikano a Gwammaja,
rabin kuɗi a hannu, rabi a bakin alkawari.
Na rubuta da gawayi: A SHIGO A YI GUMI.
Watan farko mutum uku:
tela mai ciwon baya,
ɗan adaidaita mai tumbi,
da Ɗanliti, wanda bai taɓa biya ba har yau.

Damina ta zo, rufi ya yi yoyo,
ɓarawo ya ɗauke benci.
Na zauna a ƙasa ina lissafi da tsinke,
lissafin ya ƙi fita.
Na tashi na ɗaga ƙarfen sau goma,
don shi kaɗai ne abin da na iya
a daren nan.
Da safe na sake buɗe ƙofa.

Ban san ranar da na daina sunkuyar da kai ba.
Ba ta zo da ganga ba.
Na dai ji muryata wata rana
tana ciniki da mai walda, ba ta rawa.

Yanzu mu arba'in ne, wani lokacin ƙasa da haka.
Likita ya ce Inna ta riƙa tattaki saboda hawan jini,
ni nake raka ta, tana tafe tana faɗa.
Na saya mata sabuwar randa.
Gwangwanin nan mai karkata kuwa
ta hana a yar,
da shi take tokare ƙofar ɗakinta
in tana son iska ta shigo.