Gwiwar Don Aristides

Ya shigo ranar Talata, ruwa na zuba a Sonsón,
sanda a hammata, ƙafar a kafaɗa kamar fartanya.
Ya ajiye ta a kan teburina. Bai yi faɗa ba.
"Yolima," ya ce, "ta durƙusa ba da izinina ba."

Buhun kofi a bayansa, gangaren gonarsa,
taku na uku ta naɗe. Haƙori ɗaya ya baro a can.
Shekara goma sha ɗaya da nakiya ta cinye tasa ta haihuwa,
yanzu kuma ta ƙarfe, ƙirar hannuna, ta ci amanarsa.
Tawa gwiwar, ta nama, nan take ta yi sanyi.

Laifina ne. A daɓen asibiti na gwada ta,
inda ƙasa ke shimfiɗe kamar faranti.
"Ƙasarmu ba ta kwanciya," in ji shi, "a tsaye take kwana."

A daren na kwance ta. Fil ɗaya ne jal,
irin na ƙyauren ƙofa:
nauyi ya faɗa gabansa, ta tsaya;
ya zame baya da faɗin farce, shi ke nan.

Sai na koma ga sanduna huɗu,
biyu a tsaye, tsawonsu ba ɗaya ba, biyu a gicciye.
Abin da ke ba ni mamaki har gobe:
inda take juyawa ba a jikin ƙarfe yake ba.
Ja layi daga wannan sanda, ja daga waccan,
inda suka haɗu, can sama, ta baya, cikin iska,
wurin da yatsa ba ya taɓawa,
nan ne mutum ke rataye nauyinsa duka.

Diddige ya sauka, ta ƙi. Ta cije.
Ko buhu biyu ka ɗora, cijewa take ƙarawa.
Nauyi ya koma kan yatsu, ta saki,
ƙwauri ya yi lilo gaba, ya ɗan gajarta
kada a yi tuntuɓe da saiwa.
Mai taurin kai ba ta tafiya,
mai saurin yarda kuwa kayarwa take.

Saboda gangare na ƙara bututun mai
da rami kamar kafar allura.
Man ya bi a hankali, gwiwa ta sauka a hankali,
kamar tsohuwa mai laluben kujera da baya.

Wannan karon ni na je.
Awa biyu a mota, ɗaya a kan alfadari,
sifana a aljihu, da zaren awo mai dalma.
Na matsa noti rubu'in juyi. Ya taka. "A'a."
Na sassauta. "Tana ja kamar huɗubar Lahadi."
Milimita biyu baya.
Ya yi shiru.

Layin farko ya sauka yana kallon ƙasa,
na biyu ma haka, hannu a reshe.
Doña Herminia ta tsaya a bakin shanya, ta rufe baki.
A na huɗu na ji muryarsa ta tashi,
yana tsine wa farashin bana da mai sikelin kasuwa,
idonsa a kan 'ya'yan da suka nuna jajur.
Ni kaɗai nake ƙirga ƙas, ƙas ɗin ƙarfe.

Bai gode mini ba. Ya manta ina wurin.

Bayan damina ya aiko jikansa da ita, wai tana kuka.
Na buɗe: jar laka, man ya yi baƙi, fil ya ci gefe ɗaya,
tsakanin sanda ta biyu da ta uku kuma
ƙwayar kofi guda, ta bushe, ta maƙale.
Na sauya fil, na zuba sabon mai.
Ƙwayar tana cikin gwangwanin ƙusoshina.
Yaron na bakin ƙofa, ya ƙi zama.
Kakansa, in ji shi, yana kan kujera tun jiya
yana faɗa da kowa, har kaji,
gobe ake fara tsinkar kofi.