Gungumen Bakin Rijiya

Mai ƙidaya ya zo daga Tawa bisa babur,
ya ce in ba shi tarihin Tungar Nomau.
Na ce ba mu aje takarda ba.
Na ja shi bakin tsohuwar rijiya,
na ɗora yatsansa bisa gungumen gawo
inda igiya ta daɗe tana cin itace.
Na ce: karanta.

Wannan zane mai zurfi na Nomau ne.
Ya gangaro daga duwatsun Adar da jaki ɗaya, da sungumi,
da wani fushi na rabon gona da bai taɓa buɗe wa kowa ba.
Gaba goma sha tara ya gina
kafin laka ta taɓa masa tafin ƙafa.
An ce ya yi kuka can ƙasan ramin.
Matarsa Kuluwa ta ce ƙarya ne,
ƙasa ce ta faɗa masa a ido.

Siririn da ke gefensa na Agali ne,
mutumin Azawak da ya tsaya shayar da raƙumi
ya ce gobe zai wuce.
Goben ta yi shekara arba'in.
Jikokinsa ke da waken bayan kori.

Taɓa nan. Ka ji ya tsaya a rabi?
Gidan Mantau.
Shekarar da gero ya kai gwiwa ya ƙone tsaye,
muka jiƙa anza kwana bakwai don ɗaci ya fita,
bai fita duka ba, muka ci.
Su suka toshe rumbu da ƙaya,
suka bi kudu da tabarma a ka.
Sun ce sai kaka.
Har ta mutu, in an raba naman layya
Tsahara na ware kasonsu ta shanya bisa darni.
Shirwa ta san ranar.

Bayan nan fako ya hau mana gona kamar makero,
hauya ta buga ta dawo.
Jaɗi ne ya fara gina ƙananan ramu,
tassa, cikin zafin bazara,
yana zuba taki da hannu kamar mai ba jinjiri kunu.
Muka yi masa dariya damina ɗaya.
Ta biyu muka je aron igiyar awonsa.

Wannan karkataccen kuwa, bar shi.
To, na Ige ne.
Bahaguwa ce, da hagu take ja,
ta bi ta yanke zanen uwata a tsakiya,
aka yi wata biyu ba a gaisa ba.
Yau duk su biyun suna tudun aduwa,
kabari na kallon kabari,
ni ke share musu ciyawa.

Samarinmu na Abija, suna tura kura, suna sayar da shayi.
Su suka haɗa kuɗi aka kafa famfo mai shan rana.
Alhamdu lillahi, ruwa na zuwa ba a roƙe shi ba,
hannun ƴan mata ya daina kanta.
Gungumen dai ya zama wurin zaman yara,
nan suke ɗaga salula sama suna neman rezo.
Gara ta soma karatunta daga ƙasa,
ita ba ta tsallake layi.

Mai ƙidaya ya goge yatsa a wando,
ya rubuta: gida goma sha ɗaya, rai sittin da uku.
Na ce sa sha biyu.
Ya duba kangon Mantau, ya dube ni,
ya tada babur.

Da asuba nakan zo da wasaki,
in sa igiya cikin karkataccen zane, in ja da hagu.
Ruwan na fitowa da ɗan jan ƙasa da ganyen bara.
Akuya ce kawai ke sha,
ita ma sai ta yi shawara.