Tsuntsu Na Tara

A kwamfuta komai lafiya lau.
Wata huɗu ina saƙa shi da dare
bayan na tashi daga teburin caji a kasuwar Auyo:
ɗan yaro da gwangwani, gonar shinkafa,
da jan-baki masu saukowa kamar an zazzage buhu.
Manhajar kwaikwayo ta ce madalla.
Ita dama ba ta taɓa ce mini a'a ba,
sai ka ce mai neman rance a wurina.

To, ranar wanka ba a ɓoyon cibi.
Na jawo tsohuwar na'urar Kawu Haladu
daga ƙarƙashin gado,
zanzaro har ya yi mata gini a ramin waya.
Ta girme ni da shekara shida.
A Sabon Gari ya saye ta, yana yaron mota,
da kuɗin da ya ce wa kaka ɓarayi sun zare.

Kaset ɗin kuwa baƙo ne.
Sati bakwai yana hanya,
ya kwana Legas, ya kwana Kano,
ya iso a aljihun direba yana warin goro.
Ba irin na da ba ne, mai magana ɗaya har ya mutu.
Wannan rairayin bakin kogi ne:
ka zana, ka share da tafin hannu, ka sake.

Na loda.
Na hura masa iska a baki,
ba don yana buƙata ba, haka muka taras ana yi.
Batirin sola, talabijin mai doro.
Ƙyas.
Duhu.
Na zare, na goge da bakin riga, na mayar.
Ƙyas.

Ga shinkafata, amma ruwan ɗorawa,
ta nuna tun ba ta yi ciki ba.
Kiɗan da na yi sati ina gyara
ya fito kamar kwaɗo mai mura.

Barira ta fizge abin dannawa.
Shekararta goma, yatsunta fara ne,
kuma ba ta san wani abu wai shi kara ba.
Ta matse yarona a kusurwar kunya, ta yi ta danna hagu
har ya ratsa iyaka, ya hau tafiya a sama.
"Yaya, yaronka aljani ne."
Na rubuta a bayan katin waya: hagu, iyaka, aljani.

Can ta tsaya cak.
"Akwai mai ci, ba na ganinsa."
Shinkafa na raguwa, gurbin kuwa wayam.
Na durƙusa har hancina na taɓa gilashi, na ƙirga:
takwas a jere.
Tara na zuba.
Ashe tsohuwa takwas take iya goyo a layi guda,
na tara sai ta sauke shi cikin duhu,
shi kuma bai fasa cin rabonsa ba.
Kwamfuta ta sani, ta rufa mini asiri.

Kawu na bakin ƙofa, laka har gwiwa.
Bara rabin gonarsa ta tashi sama
tsakanin la'asar da magariba.
Ya daɗe yana kallo, ya ce,
"Kar ka taɓa wannan.
Duk wasan, nan ne kawai ka faɗi gaskiya."

Sau goma sha bakwai na share na sake a daren nan.
Shinkafa ta koma kore,
iyaka ta tsaya,
kwaɗo ya ɗan sami sauƙi.
Batir ya fara ƙifta jan ido
ina zaune, yatsa a kan layin tsuntsun.

Ban taɓa ba.

Da asuba na ji ƙarar gwangwanaye a zaure.
Barira ce da igiyarta za ta fadama,
inda babu mai ƙirga su,
babu kuma maɓallin sake farawa.