Kunnena na Hagu

Shekara talatin da ɗaya
a gindin darbejiyar nan ta bakin kasuwar Gujungu,
sukudireba nake ɗorawa a kan injin,
in kafa kunne a mariƙinta,
ƙarfe ya faɗa mini inda ke masa ciwo.
Fijo ba ta taɓa ɓoye mini sirrinta ba.

Sai ga Hambali, ɗan ƙanwata, ya dawo daga Ƙofar Ruwa
da wani abu a aljihun gaba,
ja, bai cika tafin hannu ba, da baƙar wutsiya.
Ya faɗi kuɗinsa, na riƙe haɓa.
Na ce, zakara uku ka kai
ka karɓo rediyon da ba ya magana.

Ran Lahadi, kasuwa na tsakar ci,
Korolar Hajiya Talatuwa mai sayen riɗi
ta shigo tana ɗingishi,
jiki na kyarma kamar mai masassara,
'yar fitila ruwan ɗorawa ta kunnu gaban direba,
ta ƙi mutuwa.
Na ɗora sukudireba. Na kafa kunne.
Shiru.
Injin kuwa na tashe, ina jin rawarsa a haƙorana.
Na juya na dama,
sai kukan awaki da lasifikar mai maganin basir.
Na ce a miƙo mini sifana goma sha biyu,
don dai a ga bakina ya motsa.

Hambali bai dube ni ba, Allah ya yi masa albarka.
Ya durƙusa ƙarƙashin sitiyari, ya laluba,
ya soka wutsiyar a wani rami da ban san da zamansa ba,
ya murza makulli rabi.
Gilashi ya kawo haske: harafi ɗaya, lamba huɗu.
Sifili, uku, sifili, uku.
Kawu, silinda ta uku ce ba ta cin wuta.

Muka sake fulogi. Ya goge lambar.
Kafin direba ya kai gidan mai, ta dawo.
Muka yi musayar kwayil, na biyu da na uku,
ciwon bai bi kwayil ba,
ya yi zamansa inda yake.
Yaro ya danna, ya sake dannawa, gumi ya keto masa.
Abin ya nuna ɗakin da ake kuka,
bai faɗi wanda ya mutu ba.

Na ce, Hajiya, ina motar nan take kwana?
Ta ce, a rumfa, jikin buhuna.
Na zura hannu bayan injin, inda ido ba ya kai,
yatsuna suka dawo da tsumma,
ɓawon gyaɗa, da kashin ɓera.
Wayar nozul ce aka gaigaye, saura zare biyu.
Ɗan guntun waya, ɗan salatif.
Injin ya daidaita numfashi.
Na gane ne don rawar ta bar haƙorana.

Direba ya ce, tsohon hannu daban ne!
Na karɓa, ban musa ba.

Tun bara Azumi ke kirana sau uku kafin in waiga.
Ita cewa take girman kai ne.

Bayan isha na koma gareji, wai na manta hula.
Na buɗe akwatin Hambali, na ɗauko abin,
na haska shi da tocila, na juya shi gaba da baya.
Har na kai hannu bayan kunnena na hagu
ina laluben ramin da za a soka.

Da safe na sayi littafi mai falle arba'in wurin Ɗanliti,
na ajiye wa yaro kusa da kokonsa.
Na ce, rubuta mini lambobin nan da ma'anarsu,
da Hausa,
manya-manya.
Ya ce wani abu yana murmushi.
Na ce, zagayo ta dama ka sake faɗa.