Littafi Biyu

Littafi biyu nake riƙewa a ƙauyen nan.
Baƙin na ikkilisiya ne,
yana kwana a akwati tare da fararen kayan Lahadi.
Jan kuwa na kantina ne,
gefensa duk ya sha man kwakwa da gishiri.
Sunayen da ke wancan su ne a wannan.
Daga ni sai Allah sai ɓeran kanti muka sani.

Lahadin farkon wata, in an gama wa'azi,
teku na numfashi a bayan taga,
Fasto Tuiloma zai ɗaga mini gira, in miƙe:
gidan wane, tala kaza.
Gidan wance, tala kaza.
Mafitai su tsaya cak a hannun mata.
Haka muka tarar ana yi a wannan gaɓa ta Savai'i,
ban taɓa tambaya ba.

Ran Juma'a Pesefea ya shigo kanti.
Sati uku injin kwalekwalensa a mace.
Bai nemi shinkafa ba, bai dubi kifin gwangwani ba.
Ya ce, "Sinalei, ranta mini ɗari biyu,
kada jibi a kira gidana ƙasa da na ƙanena."
Na ƙirga masa, na rubuta a ja.
Ran Lahadi kuɗin suka dawo mini cikin ambulan.
Na gane wata takarda mai yagaggen kunne,
ni na liƙe ta da hannuna.
'Yarsa na benci na uku,
wata guda ke nan ba ta je makaranta ba.

Na miƙe, bakina ya bushe.
"Gidan Pesefea sun bayar.
Gidan Leituala sun bayar."
Gida talatin da ɗaya, ban faɗi lamba ko ɗaya ba.
Na zauna, gwiwoyina na kaɗawa.

Da yamma aka kira ni rumfar dattawa.
Tsoho Leituala ya doka sanda a ƙasa:
"Ɗana na goge daɓen ofisoshi a Okland,
cikin dare, sanyi na cin yatsunsa.
Ɗari biyar ya aiko.
Sau ɗaya a wata ake ambaton guminsa
a garin da aka binne cibiyarsa,
shi ne kika haɗiye?"
Ban da amsa. Har yau ban da ita.

Wata ta ce, "Ku daina yaudarar kanku,
kunya ce ta ɗora rabin kwanon cocin nan."
Wani ya ce bayarwa da ido a kan maƙwabci
ciniki ne, ba baiko ba.
Fasto ya daɗe yana kallon tafin hannunsa,
sannan ya ce, "Ashe abincin gidana na bashi ne."
Ko bai sani ba, ko yau ya yarda ya sani,
wannan tsakaninsa da Mai sama.
Ruwa ya sauko, aka watse ba a yanke komai ba.

Wata ya zagayo, baiko ya ragu da kashi ɗaya cikin uku.
Rufin na yoyo daidai kan mawaƙa,
mun jera bokiti huɗu, su ma suna nasu amshi.
Pesefea ya sa tala goma sha biyu, nasa na kansa,
da injin ya tashi ya ajiye kifi a ƙofar Fasto.
Leituala kan zo kanti ran Litinin,
ba ya sayen komai.
In buɗe baƙin littafi, in karanta masa lambar ɗansa
a hankali, sau biyu.
Ya gyaɗa kai ya fita.

Jiya maigidana na duba jan littafi,
ya ce ina shafin Pesefea?
Na ce ɓera ya ci.

Ya Ubangiji, wannan ƙaryar,
a wane littafi ka rubuta ta?